Inshorar Lafiya da Hujjar Addini: Laccar da Aka Gabatar a Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena da 'yan'uwa, tun da aka sanya hannu kan dokar inshorar lafiya ta ƙasa a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta wa kowa shiga tsarin, muhawara ta shigo masallatai da majalisun unguwa. Wasu suna cewa inshora caca ce, wasu kuma suna janyo ayar Suratul Ma'ida a kan taimakon juna wajen alheri da taƙawa, su ce wanda ya ƙi shiga ya saɓa wa Allah. A ganina, kowane ɓangare ya ɗora wa nassi kayan da ba nasa ba.

Malamai sun daɗe da rarrabe al'amarin. A 1985, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas kan abin da mutum zai biya da abin da zai samu, ta halatta wadda aka gina a kan taimakekeniya. Asalin wannan yana cikin hadisin Ash'ariyyawa, wata ƙabila daga cikin sahabbai, waɗanda idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su nasa ne, shi kuma nasu ne. Ku lura, hukumar inshorar lafiya ta jiharmu, wato GoHealth, ita ma da sunan karo-karo aka kafa ta.

Ba mu kaɗai muke wannan ja-in-ja ba. A Amurka, lokacin dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010, bishop-bishop na Katolika sun yi adawa da ita saboda batun zubar da ciki, alhali ƙungiyar asibitocin cocin ta goyi bayanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan siyasar da zai karanto hadisin nan a kan mumbari, ya manta cewa Ash'ariyyawa daidai suka raba. A Abuja aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi tun 2001, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Idan an yanki albashin malamin firamare da sunan taimakekeniya, sannan matarsa ta je haihuwa aka ce babu magani, a je kemis a sayo, to an ci amana. Saboda haka ina roƙon limamanmu, duk wanda ya zo neman ku tallata masa tsarin nan a huɗuba, ku fara tambayarsa nawa aka tara bara, kuma marasa lafiya nawa aka yi wa magani da kuɗin.