Gwamna Lugga: da kaki ya shigo, da bindiga ya zauna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Kwanan baya na halarci wata gasar kacici-kacici ta 'yan makaranta, aka tambayi wani yaro, wane ne Lugga? Ya miƙe da kuzarinsa ya ce, "Gwamnan da ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya kuma bar wa sarakunanmu mulkinsu." Aka tafa masa, aka ba shi cikakken maki. Yaro ba shi da laifi, abin da aka karanta masa ya maimaita. Amma ni raina ya ɓaci, domin an cire wa mutumin kakinsa kafin a nuna shi ga 'ya'yanmu.

Frederick Lugard, wanda muke kira Lugga, soja ne. An haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1858, ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya zama hafsa a 1878. Ya yi yaƙi a Afganistan, ya yi a Sudan, ya yi a Bama. A Yuganda, a 1892, bindiga mai ruwa ce ta raba masa gardama a Mengo. A 1897 aka ɗora masa kafa rundunar da za ta ci masa Arewa. Da ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, yawancin ƙasar da ya ce yana mulka ko ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Da me ya same ta? Da igwa.

Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi a 1902. A Fabrairun 1903 sojojinsa suka fasa Kano, Sarki Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, suka bi sawunsa har Burmi, suka kashe shi a watan Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Shi kansa Lugga bai yi rufa-rufa ba: a Sakkwato ya faɗa wa manyan gari cewa yadda Fulani suka ci ƙasar da yaƙi, haka yanzu Turawa suka ci ta, iko ya koma hannunsu. Ina girmamawar take a nan?

Masu kare shi za su ce ai ya hana cinikin bayi. To, ya rufe kasuwannin bayi, wannan gaskiya ne. Amma bautar kanta sai a 1936 aka soke ta a Arewa, shekaru goma sha bakwai bayan ya bar ƙasar. Kuma don Allah su je su tambayi Satiru.

Satiru ƙauye ne kusa da Sakkwato, talakawa ne a cikinsa, da yawansu bayin da suka gudo. A Fabrairun 1906 suka yi bore, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Lugga ya tura runduna daga Zungeru. Ranar 10 ga Maris, mutane masu fartanya da gatari suka fuskanci bindiga mai ruwa. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka ƙone garin ƙurmus. Har a Landan sai da Winston Churchill, wanda lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar mulkin mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa. Haba jama'a! Baturen da ke can ya ji abin ya yi yawa, mu da aka yi wa muna tafi?

Ba rushe ginin Lugard Hall na Kaduna nake nema ba. Abin da nake nema shi ne malamin tarihi, in ya rubuta 1914 a allo, ya rubuta 1903 da 1906 a samanta, ya gaya wa yara sunan Burmi, ya gaya musu cewa an la'anci wurin da Satiru take, aka hana kowa sake gini ko noma a cikinsa.