Waye Ɗan Ƙasa: Jini ko Takarda?

Masu kallo, mu faro daga 1871. Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta yanke yankin Alsas da wani ɓangare na Loren ta haɗe da ƙasarta. Malaman Jamus suka kawo hujja: mutanen nan a cikin gidajensu karin harshen Jamusanci suke yi, kakanninsu Jamusawa ne, saboda haka namu ne. Amma masu yankin ba su yarda ba, har wakilansu suka miƙe a majalisar Faransa suka yi tir da cinikin.

A 1882 wani malamin Faransa, Ernest Renan, ya mayar da martani a jami'ar Sorbonne. Ya ce abin da ke riƙe al'umma shi ne tarihin da suka sha tare da yardarsu su ci gaba da zama tare, tamkar ƙuri'ar da ake kaɗawa kowace rana.

Nan masana suka samo rabe-raben nan biyu. Akwai kishin ƙasa na asali, mai tambayar ɗan wa kake, wane harshe ka tsotsa a nono. Akwai kuma na zaman doka, mai cewa in ka amince da tsarin mulki ka ɗauki nauyinsa, kai ɗan gida ne, ko daga ina kakanka ya fito.

Jamus ta daɗe a kan na farko. Dokarta ta 1913 ta ɗaura zama ɗan ƙasa a kan jini. Shi ya sa da Tarayyar Sobiyet ta ruguje, jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Rasha tun ƙarni na 18 suka dawo aka ba su fasfo, wasunsu ko Jamusanci ba sa ji sosai. Shi kuwa ɗan Baturken da aka haifa a Berlin, ya yi makaranta a nan, bai san wani gari ba, yana nan a matsayin baƙo. Sai a 2000 aka gyara dokar, wurin haihuwa ya fara shiga lissafi.

To kada a ɗauka Faransa ta fita fes. Lokacin da Renan ke wannan jawabi, makarantun gwamnati na tilasta wa yaran ƙauye su ajiye harsunan iyayensu su kama Faransanci. A ƙasashen da ta mallaka kuwa abin ya fi muni. Mutumin Damagaram ko Maraɗi talakan Faransa ne, ana karɓar harajinsa, ana kai shi aikin tilas, amma ba ɗan ƙasa ba ne. Sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Guèye, ɗan majalisar Faransa daga Senegal, aka ba shi matsayin ɗan ƙasa. Ƙofar da aka ce a buɗe take ga kowa, ashe akwai mai gadi a bakinta.

Mu a Najeriya duka biyun, na asali da na zaman doka, muna ɗauke da su a takarda ɗaya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu. Ka buɗe gaba zuwa sashe na 147, za ka tarar an ce dole a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Waye ɗan asali? Tsarin mulkin bai fayyace ba, sai aka bar wa ƙananan hukumomi masu bayar da takardar shaida.

Don haka yaron da aka binne cibiyarsa a Sabon Garin Kano, ko Bahaushen Jos, ko na Sabo a Ibadan, fasfo ɗinsa iri ɗaya ne da na maƙwabcinsa, kuma yana kaɗa ƙuri'a a unguwarsu. Ranar da ya je sakatariya neman takarda don shiga jami'a ko aikin soja, magatakarda zai ɗago kai ya tambaye shi: "Malam, mahaifinka mutumin ina ne?"