Gidan Rediyon da Ke Rufewa Idan Rana Ta Faɗi

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A Amurka akwai gidajen rediyo da doka ta ce da zarar rana ta faɗi su kashe na'ura, kowa ya kama gabansa. Babu laifin da suka yi, haka lasisinsu ya zo. Akasarinsu ƙananan tashoshin AM ne, wato matsakaicin zango, da ke garuruwan karkara. Kafin a gane tarihinsu kuwa, sai an fara ɗaga kai sama.

Da rana, siginar AM ƙasa take bi, tana tafiya har ƙarfinta ya ƙare. Wadda ta nufi sama, akwai wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke tayarwa, shi ke shanye ta. Rana na faɗuwa wannan sashe ya watse, sai siginar ta haura, ta bugi wani sashen da ke can sama, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da daddare ya ji tashoshin nesa na kutsowa, to abin da ya faru ke nan. Ƙaramar tashar da da rana ba ta wuce gundumarta ba, da dare sai ta shiga gonar wani.

Tun farko an sha fama da wannan. Bayan da tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ranar 2 ga Nuwamban 1920, tashoshi suka yi ta ɓullowa, kowa na danne muryar kowa. A 1927 aka kafa hukumar rediyo ta tarayya, wadda hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ta gada a 1934, aka kuma raba zangon gida uku. Manya irin su WSM ta Nashville da WLW ta Cincinnati aka share musu hanya, su kai dare suna ratsa jihohi da ƙarfin wat 50,000. Akwai na tsakiya. Sannan akwai na ƙananan garuruwa, waɗanda daga 1941 aka cusa su a wurare shida a kan zangon AM, wato kilohaz 1230, 1240, 1340, 1400, 1450 da 1490. Kowane ɗaya tashoshi fiye da ɗari ke zaune a kansa, da ƙarfin wat 250 kacal a wancan lokaci, kafin daga baya a ɗaga zuwa 1,000. Waɗannan an bar su su yi aiki dare da rana, sai dai da dare hayaniyar 'yan'uwansu kan matse su har iyakar gari. Wanda bai samu gurbi a nan ba, sai a ɗora shi a kan layin manya ko na tsakiya, da sharaɗin ya yi shiru idan rana ta faɗi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kasuwar ta buɗe. A 1945 tashoshin AM a ƙasar ba su kai 1,000 ba, amma zuwa 1950 sun haura 2,000. Sojojin da suka koyi aikin rediyo a fagen daga sun dawo gida, 'yan kasuwar gari na neman inda za su yi talla, sai aka haɗu.

Yanzu ku dubi yadda ake gina irin wannan tasha. Ana neman fili a bayan gari, in da hali mai dausayi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi ɗaukar sigina. A tsakiya a kafa dogon ƙarfe. A tashar FM, eriya ake ɗaurawa a saman ƙarfen. A AM kuwa ƙarfen gaba ɗayansa shi ne eriyar, shi ya sa ake ɗora shi a kan tangaran don kada ya taɓa ƙasa, a kuma kewaye shi da shinge, domin wanda ya dafa shi ana cikin watsa shiri zai ƙone. Tsawonsa ma da lissafi: tashar da ke kan 1240 tana buƙatar kimanin mita 60. Rabin aikin kuma ido ba ya ganinsa. A ƙarƙashin ciyawa akwai wayoyin tagulla, galibi guda 120, an binne su daga gindin ƙarfen sun bazu ta kowace fuska.

Me ake ji a tashar? Farashin masara da na shanu tun da sassafe, saboda manoma. Sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza. Cigiyar kare. Wa'azin coci ranar Lahadi. Da shirin da mutum zai bugo waya ya ce yana da tsohuwar tarakta ta sayarwa, ya faɗi lambarsa, wani ya bugo ya ce shi firji yake nema. Lokacin da talabijin ya kwashe wasannin kwaikwayo da manyan taurari a shekarun 1950, manyan tashoshi sun girgiza, amma ƙanana ba su yi asara sosai ba, don dama ba da taurari suke cin abinci ba. A ganina wannan ne sirrin daɗewarsu: babu wata tashar birni da za ta ɓata minti biyar tana karanta sunayen waɗanda aka kwantar a asibitin gunduma.

Sharaɗin rana fa ya ba su wuya. A jikin lasisi an rubuta lokacin buɗewa da na rufewa na kowane wata. A Disamba, a jihohin arewa, tasha kan yi sallama da masu sauraro kafin ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin da 'yan kasuwa suka fi son talla saboda Kirsimeti. Wasan ƙwallon makarantar sakandare da ake yi daren Juma'a, wanda duk gari ke jira, sai a naɗa a saka da safiyar Asabar, bayan kowa ya riga ya san wanda ya ci. Da hunturu kuma, iyaye na son jin ko an rufe makaranta saboda dusar ƙanƙara, tasha kuwa ba ta da izinin buɗe baki sai gari ya waye. Sai a 1967 aka yarda su riƙa farawa da ƙarfe shida na safe da ɗan ƙaramin ƙarfi.

Daga nan al'amura suka fara ja da baya. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masu sauraron FM sun fi na AM yawa, domin kiɗa ya fi fita tas a can. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, iyalai da dama suka sayar da nasu, shirye-shirye suka koma zuwa daga nesa ta tauraron ɗan'adam. Ga kuma ƙarar da kwamfuta da cajar waya da fitilun zamani ke cusawa cikin siginar AM. Motoci masu aiki da lantarki sun ƙara dagula lamarin: Tesla da BMW sun cire AM daga irin waɗannan motoci nasu, Ford ma ta yi niyya a 2023 kafin ta janye da aka yi mata ca.

Abin da ya ceci da yawa shi ne izinin da FCC ta bayar a 2009, cewa tashar AM na iya maimaita shirinta a wata ƙaramar na'urar FM da ba ta wuce wat 250 ba, har da dare. Amma da sharaɗi: dole uwar, wato tashar AM ɗin, ta ci gaba da aiki. An ga amfanin wannan sharaɗi da illarsa a garin Jasper na jihar Alabama. A Fabrairun 2024, masu yankan ciyawa da aka tura filin tashar WJLX, mai watsa shiri a kan 1240, suka ba da labarin cewa ƙarfen mai tsawon ƙafa 200 ba ya nan. An datse wayoyin da ke riƙe da shi, na'urar watsa shirin ma an ɗauke, kuma babu inshora. Tashar ta roƙi FCC ta bar ta ta ci gaba a FM kaɗai, hukumar ta ƙi. Sai da kamfanin iHeartMedia ya ara mata wani layi na tasharsa da ke Birmingham ya tsaya mata a matsayin uwa, sannan mutanen Jasper suka sake kama ta a FM, a kan 101.5.