Nutson mita 40 da tukunya ɗaya: lissafin da ake yi kafin a shiga ruwa

Masu kallo, minti tara kacal jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ya ba mai nutso a zurfin mita 40, in dai yana son ya hauro ba tare da zangon dole na rage naitirojin a hanya ba. A mita 30 minti ashirin ne, a mita 18 kuwa minti 56. Kuma agogon yana fara lissafi ne tun daga lokacin da kai ya shige ruwa. Saukar kaɗai tana cin sama da minti biyu, don haka abin da ya rage muku a ƙasa bai kai minti bakwai ba.

Dalili shi ne matsi. Kowace mita goma ta ruwan teku tana ƙara bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne) a kan bar ɗaya na iskar saman ruwa, wato a mita 40 jiki yana ɗauke da bar biyar. Naitirojin ɗin da ke cikin iskar yana narkewa cikin jini da sauri, kuma idan aka hauro a gaggauce sai ya zama kumfa a gaɓoɓi ko a laka.

Amma galibi iska ce ke fara ƙarewa kafin agogo. Tukunyar iska mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Wanda ke shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa, lita 100 zai riƙa zuƙa a can ƙasa. To, ku ɗauka iskar abokin nutsonku ta yanke, ku biyu kun koma kan tukunya ɗaya, hankali a tashe, kowa na zuƙar lita 30 a minti bisa lissafin saman ruwa. Minti ɗaya na miƙa masa bakin shaƙa da daidaita kai zai ci lita 300. Haurowa zuwa mita biyar, da saurin mita tara a minti, kusan lita 760. Tsayuwar kariya ta minti uku a mita biyar, lita 270. Ƙarasawa sama, kamar 75. Jimilla ta haura lita 1,400, wato wajen bar 120 a ma'auni. Saboda haka da allurar ma'auni ta taɓa 120, a fara haurowa, ko da kwamfutar hannu ta nuna da sauran lokaci. Dokar nan ta "a fito da bar 50" ta nutson ruwa mara zurfi ce, a nan ba ta wadatar ba.

Sai mayen zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin yana fara dakushe tunani: mutum ya kalli ma'auni, ya ga lamba, ya kasa gane me take nufi. Mugun abin shi ne wanda abin ya kama yakan ji garau yake. Ga iskar kuma ta yi kauri ninki biyar, numfashi ya yi nauyi, iskar kabon ta taru a jiki idan ana fama da igiyar ruwa, ita kuma tana ƙara mayen. Maganinsa a hauro 'yan mitoci, kai zai washe.

Rigar roba tana matsewa a zurfi, sai mutum ya ƙara nauyi ya riƙa nitsewa da sauri. Ku riƙa sa iska kaɗan-kaɗan a rigar daidaita nauyi tun kuna sauka. A haurowa kuma a riƙa fitar da ita, musamman a mita goma na ƙarshe, inda iska ke ninka girmanta sau biyu. Kada a riƙe numfashi ko na daƙiƙa ɗaya, huhu na iya fashewa.

Wuce mita 40 da iskar yau da kullum ganganci ne, a ganinmu. A wajen mita 56 matsin oksijin ya kai bar 1.4, iyakar da aka saba tsayawa, sama da haka ana tsoron farfaɗiya a cikin ruwa. Bakin kogon da ke cikin ramin Blue Hole na Dahab, a Masar, yana wajen mita 55, kuma ya ci rayukan masu nutso da dama da suka tunkare shi da tukunya ɗaya. Masu naitiroks 32 kuwa, wato iska mai oksijin kashi 32 cikin ɗari, iyakarsu mita 34 ma bai cika ba.

Bayan an fito, a jira awa 12 kafin hawa jirgin sama, awa 18 idan an yi nutso fiye da ɗaya. Idan aka ga ciwon gaɓa, sanyin hannu ko ƙafa, jiri, ko gajiyar da ta wuce misali: a kwantar da mutum, a ba shi zallar oksijin, a nemi asibiti mai ɗakin matsi nan take, kuma kada a mayar da shi cikin ruwa.