Dokar Frank: Yadda Sikotilan Ta Daina Duba Shekarun Majinyaci Kafin Ta Biya Kuɗin Kula da Shi

Idan likita ya gama nasa aka sallami majinyaci, sauran aikin gida yake komawa, kuma a can ne iyalan masu fama da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke shan wahalar da ba kowa ke gani ba. Mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai cutar Parkinson wanda hannunsa ke karkarwa har shayi ya zube kafin kofi ya kai bakinsa, yana bukatar wanda zai tashe shi daga gado, ya yi masa wanka, ya saka masa maɓallin riga, ya ba shi magani a kan lokaci. To, wa zai biya wannan mai hidima?

A Sikotilan, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya, gwamnati ta ɗauki nauyin irin wannan kulawa tun shekarar 2002, amma da farko ga waɗanda suka kai shekara 65 kaɗai. Wanda ciwo ya kwantar da shi kafin ya kai haka, a wancan lokacin ƙaramar hukuma tana iya duba abin hannunsa ta yanka masa kuɗin da zai riƙa biya.

Hakan ne ya faru da Frank Kopel, tsohon ɗan wasan baya na ƙungiyar Dundee United, wanda ya taɓa buga wa Manchester United. Yana da shekara 59 likitoci suka tabbatar cewa ya kamu da ciwon mantuwa, saboda haka iyalinsa suka shiga biyan kimanin fam 300 a kowane mako domin a kula da shi a gidansa. Ya cika shekara 65 a watan Maris na 2014, ya cancanci kulawar kyauta, sannan ya rasu bayan kwana 19. Matarsa Amanda ta kai koke gaban majalisar dokokin Sikotilan, ta kuma shafe shekaru tana maimaita hujja guda, wato ciwo ba ya tambayar mutum shekarunsa kafin ya kama shi.

Ranar 1 ga Afrilun 2019 sabon tsarin da ake kira Dokar Frank, wanda ya faɗaɗa kulawar kyauta zuwa ga waɗanda ba su kai shekara 65 ba, ya fara aiki, inda gwamnati ta ware fam miliyan 30 domin shekarar farko. Kuɗin yana fitowa ne daga gwamnati a Edinburgh, babban birnin Sikotilan, zuwa ƙananan hukumomi 32 na yankin. Jami'in walwalar jama'a yakan ziyarci majinyaci ya tantance abin da yake iya yi da kansa da wanda ya gagare shi, daga nan a turo masa ma'aikaci, ko kuma, bisa wata doka ta 2013, a damƙa masa kuɗin ya ɗauki wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Wannan zaɓi yana da daraja, domin ba kowa ne mutum zai yarda ya tuɓe a gabansa ba.

Sai dai kyautar tana da iyaka. Wanka, sutura, ciyarwa, kai mutum bayan gida da ba da magani duk suna ciki, amma shara da cefane ana iya cajin iyali a kansu. Babbar matsalar kuma ita ce ƙarancin ma'aikata, saboda aikin yana da nauyi, albashinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ake samun majinyacin da likita ya ce ya isa komawa gida, dokar ƙasa ta ba shi haƙƙin kulawa ba tare da ya biya ko sisi ba, amma yana nan kwance a gadon asibiti makonni, ana neman wanda zai riƙa zuwa gidansa da safe ya tashe shi.