Bangon da Babu Shi: Wasan Shiru na Marcel Marceau

Ku dubi mutumin nan da ke tsaye a kan dandali, fuskarsa shafe da farar hoda. Ya miƙa tafin hannunsa gaba, sai hannun ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango, alhali babu komai a wurin sai iska. Wannan shi ne wasan kwaikwayon shiru, wanda jiki kaɗai ke ba da labari a cikinsa.

Asirin bangon nan yana cikin kafe hannu. Ɗan wasa yakan tsayar da tafinsa a wuri guda, sannan ya motsa kafaɗa da ƙirji da ƙafafu a kewayensa, domin idan hannun ya goce ko da faɗin yatsa ne, nan take bangon ya rushe a idon mai kallo. Haka ma nauyi: in zai ja igiyar da babu ita, dole ne jijiyoyin wuyansa su miƙe, ya dogara da duga-dugansa, har mai kallo ya ji kamar shi ne yake jan. A ganina, wannan ne ya sa wasan yake da wuyar gaske, domin kuskure ba shi da maganar da zai ɓuya a bayanta.

Wanda ya kai wannan fasaha ko'ina a duniya shi ne Marcel Marceau, haifaffen Strasbourg a ƙasar Faransa a shekarar 1923. Ya yi karatu a Paris a hannun Étienne Decroux, wani malamin wasan shiru, kuma a 1947 ya ƙirƙiro Bip, mutumin da yake fitowa a matsayinsa a dandali, mai riga mai ratsi-ratsi da tsohuwar hula da jan fure a samanta, wanda ya yi ta wasa da shi kusan shekara sittin, kafin rasuwarsa a 2007.

Amma tun kafin dandali, shiru ya riga ya yi masa aiki. Marceau Bayahude ne, sunansa na asali Marcel Mangel, kuma mahaifinsa, wanda mahauci ne, ya mutu a sansanin gwale-gwale na Auschwitz bayan 'yan Nazi na Jamus sun kama shi a 1944. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana saurayi, Marceau ya shiga cikin masu tsallakar da yaran Yahudawa zuwa Suwizalan a ɓoye, inda kukan yaro ɗaya zai iya tona asirin ayarin duka. Da motsin hannu da na fuska yake ɗauke hankalin yaran, su yi tsit suna kallonsa har a ƙetare iyaka.