Amsoshin Tambayoyinku: Ana Cike Mana Kududdufi, Ina Za Mu Kai Kuka?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Takardun wannan mako duk a kan filaye da gine-gine suka zo.

Ta farko daga Kano take, daga sakataren wata ƙungiyar ci gaban unguwa. Ya ce wata guda ke nan tifofi na juye ƙasa da ɓaraguzai cikin kududdufin bayan layinsu da daddare, yanzu har an fara kafa turaku ana yanka filaye. Sun gaya wa mai unguwa, sun yi ƙorafi a rediyo, shiru kake ji. Me ya rage?

Malam sakatare, takarda ce ta rage. Damuwarku kuwa tana kan hanya, domin ruwan da ya saba kwana a kududdufin nan, ranar da aka tafka ruwan Agusta, zauren wani zai nema.

Ku fara da sanin matsayin wurin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka shaidar ciniki da dillali ya rubuta, ko da hatimin mai unguwa a kai, ba takardar mallaka ba ce. Ku rubuta wa ma'aikatar ƙasa ku tambayi abu biyu: me taswirar unguwar ta ware wurin dominsa, kuma an ba wani takarda a kansa? Sannan ku rubuta wa hukumar tsara birane, KNUPDA, ku ji ko ta ba da izinin gini. Mallaka daban, izinin gini daban. Mutum na iya riƙe da takardar fili amma ba shi da ikon ɗora bulo ko ɗaya, kuma sau da yawa ta nan ake tsayar da aiki.

Kowace wasiƙa ku yi ta kwafi biyu. Ku miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, ɗayar a buga muku hatimi da kwanan wata ku dawo da ita. Wasiƙar da ba hatimi, gobe a ce ba a gan ta ba, ba ku da ta cewa. Ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011: ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, za ta iya ƙara wasu 7, in ta hana ko ta yi gum kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. Ku haɗa da hotunan wurin masu kwanan wata, da lambobin tifofin, da sa hannun magidanta, kowa da lambar gidansa. Sa hannun mutum ashirin da ruwan zai shiga ɗakunansu ya fi na ɗari biyar da aka tara a bakin kasuwa.

Kada ku jira a kai linta. Lauya ya nemo muku umarnin dakatar da aiki tun ana tonon tushe, don alƙali ya fi saurin cewa a tsaya da ya ce a rushe. Kuma ku ja wa matasa kunne. Duk wanda ya ture katanga ko ya fasa gilashin tifa, ya mayar da maganar kududdufi ta koma maganar beli. Wani abin da ke kashe irin wannan fafutika, a ja shugaba gefe a ba shi fuloti ɗaya a ciki. Shi ya sa ba a tura mutum ɗaya zama: ku je ku uku, ku dawo ku karanta wa jama'a abin da aka yi.

Wata Hajiya daga Zariya tana tambaya ko dole sai ƙungiyarsu ta yi rajista. Hajiya, kai ƙorafi ba ya buƙatar rajista. Amma buɗe asusun banki da shigar da ƙara da sunan ƙungiya, sai kun yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC. Za a nemi tsarin mulkinku da bayanan taron da kuka zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce, an shafa wa gidajen layinsu jan fenti saboda faɗaɗa titi. Baba, sashe na 28 na dokar 1978 ya yarda gwamna ya karɓi fili don amfanin jama'a, amma da sanarwa a rubuce, jan fenti kaɗai bai wadatar ba. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka ɗora a kan filin ce: gini, rijiya, itatuwa, shuka. Kafin masu ƙiyasi su zo, ku haɗa kuɗi ku ɗauki naku mai ƙiyasin, ya auna kowane ɗaki, a ɗauki hoto ciki da waje. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a rubuta adadin kuɗi ba, kuma kada a cire ko kwano ɗaya kafin kuɗin ya shiga hannu.

Sauran takardun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.